Allah Ya Kawo Kasuwa

Kukan wata 'yar na'ura da ke manne a silin ɗin kicin ne ya fara komai. Ina suyar ƙosai, mai ya ɗan yi hayaƙi, sai kawai na ji ƙara mai huda kunne ta cika gidan. Makonmu na farko ke nan a Gaithersburg, wani gari kusa da Washington, ban san abin da ke kukan ba. Na kashe murhu, bai daina ba. Na rungumi 'yata Ilham, lokacin tana 'yar shekara biyar, na tsaya tsakiyar falo ina salati da ƙarfi, ina cewa, "Na shiga uku, me na taɓa?"

Aka buga ƙofa. Wata doguwar tsohuwa ce cikin lafaya ruwan toka. Ba ta jira na yi mata iso ba, ta wuce ni, ta ɗauki tawul ta dinga yi wa na'urar fifita har ta yi shiru. Sannan ta juyo ta ce mini da Hausa, "Buɗe taga, yarinya. Hayaƙi ta ji, ba gobara ba ce."

Na manta da tagar, na tsaya ina kallon bakinta.

Kafin mu zo nan mun yi hunturu guda a Beltsville. Maigidana, Abban Ilham, injiniya ne, ya riga mu zuwa karatu, da takardunsa suka daidaita muka biyo shi. Wani dillali ɗan ƙasarmu ya nuna masa hoton gida mai fili da furanni, ya karɓi kuɗinsa, ranar tarewa muka tarar namu rabon ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne. Tagarsa ba ta wuce faɗin tire ba, abin da ake gani ta cikinta ƙafafun masu wucewa ne kawai. Da takalmansu na san maƙwabtana. Ba kiran sallah, ba mai sallama, ba mai aiko yaro a ce a sammini gishiri. In maigida ya fita neman aiki sai in zauna a kan sallaya in yi kukana in share kafin Ilham ta farka. Wadda ta fara buga mini ƙofa a ƙasar nan Anti Rifkatu ce, wata nas 'yar Kafanchan da ke zaune a samanmu. Ta ce ta ji ƙamshin miyar kuka ta bututun ɗumama ɗaki, ta ce lallai akwai 'yar gida a ƙasa. Ta kawo mini daddawa a ƙulle cikin leda, ta koya mini hawa bas. Allah ya saka mata.

A ɗakin nan ne maganar da nake son bayarwa ta samo asali. Ni 'yar mai sayar da hatsi ce. A Funtuwa, duk safiya in Baba zai fita, Inna takan biyo shi har bakin zaure ta ce, "A dawo lafiya, Allah ya kawo kasuwa." Da ita na tashi, ban san wata addu'ar fita ba. Ranar da wani kamfani ya kira Abban Ilham, ya sa kwat ya tsaya bakin ƙofa, na faɗa masa ita yadda na gada.

Ya yi dariya ya ce, "Sa'a, intabiyu zan je, ba awon masara ba."

Na ce, "Ka dai ce amin."

Ya ce amin, aka kuwa ɗauke shi. Tun daga ranar, mutumin da ya yi mini dariya ya zama ba ya fita sai ya ji ta. Yakan tsaya da jakarsa a hannu, ko ina banɗaki sai ya jira. Aikin nan ne ya fito da mu daga ƙarƙashin ƙasa ya kai mu hawa na uku a Gaithersburg, inda ake ganin bishiyoyi da sararin sama.

Na taɓa tambayarsa abin da suke yi a kamfanin. Ya ce, "Wasu 'yan alluna muke haɗawa, kamar na cikin rediyo. Su suke nuna wa abu hanya don kada ya ɓata." Ni kuwa hankalina ya tafi kan muryar nan ta cikin waya da ke ce wa direba ya yi dama ko ya yi hagu. Har na gaya wa Inna ta waya cewa surukinta shi ke haɗa abin da ke hana matafiya ɓata. Ta ce wannan ai aikin lada ne.

Tsohuwar da ta kashe mini kukan na'ura sunanta Hajja Batula, ƙofarta na kallon tamu. 'Yar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin Hajji, suka yada zango a can, zango ya zama gida. Hausarta irin ta kakanni ce, da Larabci barbaɗe a kai. Ta zo yi wa 'yarta wankan jego ne, yaƙi ya ɓarke a bayanta, hanya ta rufe. Ɗanta Usman, tela ne a garin Madani, yana can da iyalinsa. Wayarta ba ta barin hannunta, ko alwala za ta yi sai ta ajiye ta inda za ta ga haskenta. In aka buga ƙofa da ƙarfi a ƙasa sai ta zabura, alhali ita ba ta taɓa jin bom da kunnenta ba, ta cikin saƙonnin muryar Usman kawai take jin sa.

Ta zame mini uwa. Ta koya mini dafa gahawa da citta, ni kuma in kai mata tuwo. Ilham takan kira ta Kaka. Da safe takan buɗe ƙofarta ta zauna da carbi, saboda haka duk lokacin da na raka maigida na ce, "A dawo lafiya, Allah ya kawo kasuwa," sai in ji muryarta daga ɗaya ɓangaren: "Amin, amin ya Rabbi." Abin yana yi mini daɗi. Nakan ce a raina, ga addu'ata ta samu tsohuwa mai sa mata hannu.

Da zafi ya shigo, kamfanin ya shirya liyafar iyalai a wani lambu. Na tashi na soya faranti biyu na masa. Shugabansu wani dattijon Bature ne mai fara'a, ya ci masar nan da zuma har ya nemi ƙari, matarsa ta ce in koya mata. Mutanen kirki, wallahi, ba wanda ya kalli hijabina sau biyu. Can ya tashi ya yi jawabi. Turancina na sakandare ne, amma na tsinci abin da na tsinta: ba su taɓa ganin shekara irin wannan ba, kwangila a kan kwangila, har sai an faɗaɗa wurin aiki. Aka yi tafi, na yi tafi, har da alhamdulillahi.

Da ya zo gaisawa da mu, na ga bai kamata in ci abincin mutum in tashi haka ba. Na haɗa Turancina na ce masa Allah ya ƙara kawo musu kasuwa. Ya kyalkyale da dariya, ya ce, "Madam, yadda duniya take ciki yanzu, ai kasuwa ta fi ƙarfinmu." Na kusa da shi suka yi dariya. Abban Ilham bai yi ba, farantinsa yake kallo.

Sai ga Ilham ta dawo a guje daga teburin da ake raba wa yara kayan wasa. Abin da ke hannunta na roba ne, ruwan toka, kamar 'yar taɓarya mai fukafukai a gindi, da sunan kamfanin a jiki. Ban ce komai ba sai da muka shiga mota, ta yi barci a baya.

Na ce, "Abban Ilham, abin nan da kuke nuna wa hanya, mene ne shi?"

Idonsa na kan titi, ya ce, "Makami ne, Sa'a. Irin wanda ake harbawa daga jirgi. Aikinmu shi ne ya sauka inda aka nufa, kada ya faɗa kan wanda ba ruwansa."

"Wa ke nufa?"

"Wanda ya saya."

A kasuwarmu, kusa da rumfar Baba, akwai wani dattijo mai sayar da farin yadi na likkafani. Mai wucewa yakan bi rumfa rumfa yana cewa Allah ya kawo kasuwa, in ya iso gabansa sai ya ce, "Malam, sannu da zama," ya wuce. Ba wanda ya koya mana, ko yaro ya sani. Shi kansa dattijon, ranar da ciniki ya yi masa yawa fuskarsa ba ta sakewa. Shi na dinga tunawa a motar nan, da shi da tafin da na yi.

Ranar Litinin maigida ya tsaya bakin ƙofa da jakarsa. Ƙofar Hajja a buɗe, ina jin ƙarar carbinta. Na ce, "A dawo lafiya." Ya jira. Na buɗe baki, sauran ta ƙi fitowa. Wannan tsohuwa wadda ɗanta ke kwana a ƙarƙashin gado da 'ya'yansa, ita na sa take ce wa cinikin makamai amin kowace safiya. Ya dube ni, ya dubi ƙofar Hajja, ya sauka bene.

Da yamma ya same ni a kicin. Ba mai faɗa ba ne, a hankali ya yi magana, shi ya sa ta fi zafi.

"Kin ɗauka ni nake zaɓar wanda za a jefa wa? Can cikin Washington ake zama a ce a sayar wa wane, a hana wane. Ni allo nake haɗawa. In na bari yau, gobe wani ya zauna a kujerata."

Na ce, "Na sani."

"Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen kawunki, wa ya dinga kuka yana cewa ina jiragen gwamnati? Jiragen nan da addu'a ake ƙera su?"

Nan ya kama ni, don ni ce na faɗa. Na ci gaba da juya miya. Can na ce, "To bindigogin da ke hannun 'yan bindigar fa, a dajin aka ƙera su? Wani ne ya sayar, shi ma an yi masa tafi. Ni ban ce kada ƙasa ta tsare kanta ba. Amma kai ma ka ji abin da shugabanku ya ce. Lalacewar duniya ita ce kasuwarku. In na ce Allah ya kawo ta, me na roƙa?"

Ya ce, "Kina cin abincin, amma ba za ki sa masa albarka ba."

Ya fita ya bar ni da ludayi a hannu. Gaskiya ya faɗa. Shinkafar da ke kan wuta, rigar sanyin Ilham, maganin hawan jinin Inna da yake aikawa ba tare da na roƙa ba, duk daga can suke. Na sha tsayawa gaban firji in buɗe in rufe ban ɗauki komai ba.

Haka muka shiga wani zama da ban taɓa sani ba a aurenmu. Ba zagi, ba ɗaga murya, amma ya daina tsayawa a bakin ƙofa. Sai dai in ji ta rufe ina ɗaki. Mutumin da ke jira na in fito daga banɗaki, yanzu lallaɓawa yake ya fita don kada ya ji rabin addu'a. Ni kuma in ya fita sai zuciyata ta bi shi har babban titi, ina tunanin motocin nan masu gudu, ina cewa in wani abu ya same shi fa, ya fita ba bakina a kansa? Na yi niyyar in faɗe ta kawai a zauna lafiya, tunda Allah ya san zuciyata. Amma na san abin da nake faɗa yanzu, kuma da Allah nake magana.

Ana cikin haka wayar Usman ta daina shiga. Hajja ta rame, ta daina dafa gahawa. Wata rana ta ce mini mutanensu za su taru a gaban ofisoshin gwamnati a Washington don a san halin da ƙasarsu ke ciki, 'yarta tana wurin aiki, ko zan raka ta. Na nemi izinin maigida, ya ce in je, bai ɗago kai ba.

Muka hau jirgin ƙasa har unguwar da ake kira Southwest. Ban taɓa zuwa ba. Manyan gine-gine ne masu launin toka, tagogi jere reras, tituna a share tas. 'Yan Sudan ɗin ba su da yawa, suna tsaye gefe guda da tutarsu da hotunan 'yan uwansu. Lokacin cin abincin rana ne, ma'aikata suna fitowa da katin shaida rataye a wuya, wasu da burodi a takarda, wasu sun sa gajeren wando suna gudun motsa jiki. Na dinga kallon fuskokinsu ina neman mugu, ban samu ba. Irin mutanen liyafar nan ne, masu riƙe maka ƙofa. Na ce a raina, ashe a irin wannan tsafta ake sa hannu a takardar da za ta rushe gidan tela a wata duniya, wanda ya sa hannun kuma ya koma gida ya yi wasa da karensa.

Tsayuwa ta yi wa Hajja yawa, ta nemi faɗuwa. Wani ma'aikaci matashi ya taso ya riƙe ta, ya kai ta kan benci, ya ba ta ruwan gorarsa da bai buɗe ba. Ya tambayi ƙasarta, na faɗa masa. Ya ce ya tausaya mata ƙwarai, na kuma yarda da shi, don na ga idonsa. Sannan ya duba agogo ya koma ciki.

A jirgin dawowa na kasa riƙewa, na gaya mata aikin Abban Ilham da abin da na gano.

Ta ce, "Na sani, ya binti, 'yata. Mijin 'yata ya ga sunan kamfanin a gilashin motarku, ya faɗa mini."

"Tun yaushe, Hajja?"

"Tun kafin ke ki sani."

"Kuma kuka ci gaba da cewa amin?"

"A dawo lafiya nake ce wa amin. Sauran kuwa, nakan ce Allah ya san hatsi yarinyar nan take nufi." Ta gyara lafayarta. "Ban sani ba ko abin da su mijinki ke haɗawa ya taɓa sauka a ƙasarmu. A sayar wa wannan, ya miƙa wa wancan, wa zai bi sawu? Masu kashe mu namu ne, suna sallah, ban wanke su ba. Amma mutum biyu in suna faɗa sukan gaji, harsashi yakan ƙare. Namu ba ya ƙarewa. Kullum akwai mai cika musu hannu, ya kuma fito a talabijin ya ce a yi sulhu."

Sai ta kama hannuna ta matse. "Amma ki ji ni. Kada ki ƙara barin mijinki ya fita ba addu'a. Ranar da zan taho, Usman ya kai ni filin jirgi, ina ta sauri ina lissafin jakunkuna, ban tsaya na sa masa albarka yadda ya kamata ba. Na ce ai wata nawa ne. In waccan addu'ar ba za ta faɗu ba, nemo wata. Addu'a ta ƙare ne a duniya?"

Washegari na riga shi zuwa bakin ƙofa, na tsaya a gabanta. Ya fito da jakarsa ya gan ni, ya tsaya.

Na ce, "A dawo lafiya. Allah ya musanya maka da abin da ya fi shi alheri."

Ya fahimta sarai.

"Ko da albashin bai kai wannan ba?"

"Ko da bai kai ba."

"Kin san wuraren da ake neman irin aikina a garin nan, yawancinsu ɗaya ne. Zai iya ɗaukar lokaci. Za mu iya barin gidan nan."

Na ce, "Na taɓa zama inda ya fi shi ƙunci, ban mutu ba."

Ya ɗan yi murmushi, na farko cikin kwanaki masu yawa. Sannan ya ce amin, a hankali, kamar mai tsoron a amsa da wuri.

Yanzu da nake rubuta wannan yana nan a kamfanin. Ya nemi aiki a wasu wurare masu haɗa na'urorin asibiti, ɗaya ya kira shi sannan ya yi shiru. Har yau daga can muke ci, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, kuma ban san ko hannuna ya fita ba don na canza kalmomin bakina. Ba a ji daga Usman ba tukuna. Abin da ya dawo shi ne tsayuwar bakin ƙofa, kowace safiya yana jira, yana kuma cewa amin.

Ilham takan ji Hausa tas amma da Turanci take amsawa, kamar sauran yaran nan. Mun ɗauka ba ta san abin da ke faruwa ba. Shekaranjiya ina riƙe da hannunta muna jiran motar makaranta, ta ja hijabina, ta yi magana da Hausarta mai tsalle-tsalle, wadda ba ta fito da ita sai abu ya dame ta.

"Umma, ni ma na yi addu'a. Na ce Allah ya sa yaƙin su Kaka ya ƙare, amma kada a kori Abba daga aiki. Allah zai iya duka biyun, ko?"